Auren Mai Ƙaramin Ƙarfi



Ka sha wahalar koyon baƙaƙe, har ga shi yanzu kana karanta takarda da kanka, kana kuma iya rubuta lissafin kuɗinka ba sai ka nemi wani ba. To, yau ina so mu ɗauki wannan sabon ilmi naka mu sa shi aiki a kan wani al'amari da ya dami kowane gida, watau aure. Ko kai ke neman auren, ko ɗanka ne, ko kuwa kana da 'ya wadda ta isa ɗaki, maganar nan ta shafe ka.

Ka san yadda a ke ciki. Saurayi ya kai munzali, yana da 'yar sana'arsa, ya ga yarinya yana so, ita ma tana sonsa, iyaye kuma sun yarda. Amma da an fara lissafin abin da biki zai ci, sai jikinsa ya yi sanyi. Waɗansu su kan haƙura su yi ta zama shekara da shekaru har a soma ce musu tuzurai, yarinya kuwa tana nan gaban iyayenta tana jira. Waɗansu kuma su kan rufe ido su ci bashi, a yi kwana bakwai ana kiɗa, sa'an nan a yi shekara uku ana biya. Duka biyun nan hasara ce. Ga abin da na ke so in nuna maka: abin da ke ƙulla aure kaɗan ne ƙwarai, sauran duk mutane ne suka ƙara. Wanda ya san iyakar wannan da wancan, ya kuma rubuta lissafinsa tun da wuri, zai yi aurensa da ɗan abin da Allah ya hore masa, ya kwana ba mai buga masa ƙofa.

Abin da ke ƙulla aure

Da fari sai mu koma wurin malamai. Yawancin mutanen ƙasar Hausa mazhabar Imamu Malik su ke bi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu cikin shekara ta 996, tun kaka da kakanni a ke karanta shi a zaurukan malamanmu. Abin da a ke koyarwa game da ɗaurin aure ba shi da yawa. Ana bukatar waliyyi, watau uban yarinya ko wanda ya tsaya a matsayinsa. Ana bukatar sadaki, da shaidu biyu adalai. Sai kuma siga, watau wakilin ango ya nema, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa. In waɗannan sun haɗu, kuma babu abin da ya haramta auren tsakanin su biyun, to, aure ya ɗauru, ko da a kan tabarma ɗaya aka zauna.

Mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Dinari na shari'a zinariya ce mai nauyin giram 4.25, saboda haka rubu'insa giram ɗaya ke nan da 'yar ɗoriya. Malamai sun kuma ambaci dirhami uku na azurfa, watau kusan giram 9. Ka lura, ƙimar wannan a naira ko a sefa tana hawa tana sauka tare da kasuwar zinariya. Kada ka kama abin da maƙwabcinka ya biya bara ka ce shi ne. In lokacin yanka sadaki ya matso, ka je wurin limamin unguwarku ka tambaye shi yadda rubu'in dinari ya ke a wannan mako. Sadaki kuwa haƙƙin amarya ne ita kaɗai, ba na ubanta ba ne, balle dangi.

Ya zo a hadisi ingantacce cewa wani sahabi matalauci ya nemi aure, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa, da ya yi aure a Madina, an umurce shi ya yi walima ko da akuya ɗaya. Walimar auren Nana Safiyya ma dabino ne da cuku da man shanu, ba gurasa ba nama. Wa zai ce waɗannan aurarraki ba su da daraja? In kuwa kai Kirista ne, ka tambayi shugaban majami'arku, za ka tarar farar riga mai jan ƙasa da kek mai hawa uku ba sa cikin sharaɗi.

Abin da al'ada ta ƙara

Yanzu sai ka dubi abin da muka ɗora a kan wannan ɗan harsashi. Akwai kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da toshin salla, da kayan sa rana, da lefe. In biki ya zo akwai kamu, da sa lalle, da wuni, da kai amarya, da sayen baki, da buɗar kai. Gidan amarya kuma su na fama da kayan ɗaki da gara. A birane yanzu an ƙara anko, da dina, da hayar zauren biki, da mai hoto, da mai kiɗan na'ura. Kowane gari da irin nasa, wani ya fi wani tsanani.

Ban ce al'ada banza ce ba. Da yawa daga cikinta an kafa su ne don gidaje biyu su san juna, su girmama juna, dangi kuma su shaida cewa 'yarsu ba a titi aka tsince ta ba. Amma ina so ka gane cewa al'ada ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ɗauki lefe. Asalin kalmar nan sunan wani ɗan kwando ne da a ke saƙawa da kaba, a cikinsa a ke zuba zanen amarya a kai gidansu. Da zamani ya juya aka koma kwalla, daga nan fantimoti, yau ga shi ana jera akwatuna saiti-saiti, kowane sai an cika shi. Jeren ɗaki ma haka. Kakanninmu ƙore da tasoshi suka jera, iyayenmu suka jera kwanuka da langa, aka zo kan tangaran, yanzu ana maganar kujeru da firiji. Ka gani, duk mutane ne suka yi ta ƙari da hannunsu. Abin da hannu ya ƙara kuwa, hannu na iya ragewa.

Nauyin nan ya kai har hukuma ta sa baki. A cikin shekara ta 2012 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta soma aurar da zawarawa a taro ɗaya, ta fara da mata 100. A cikin watan Oktoba na 2023 aka ɗaura aure 1,800 irin wannan, gwamnati ta biya wa kowace amarya sadaki naira 50,000, ta ba da gado da katifa da kayan abinci. Duk waɗannan aure ne cikakke, ba wanda ya ce a sake ɗaurawa don ba a yi dina ba. Sai dai gwamnati ba ta iya aurar da kowa. Kai da ba ka shiga ciki ba, sai ka yi wa kanka dabara.

Takarda mai gida uku

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Samo littafin rubutu, ko na 'yan makaranta ne. Buɗe shafi ɗaya, ja layi biyu daga sama har ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A kan gida na fari rubuta DOLE. A kan na biyu rubuta FITA KUNYA. A kan na uku rubuta GANIN IDO.

A gidan Dole za ka sa sadaki, da goro da alewa na ɗaurin aure, da ɗakin da za ku zauna, ko gyara ne ko haya, da tufafin da amarya za ta sa, da abincin da za ku ci bayan an watse. Har wa yau a nan za ka sa kuɗin gwajin jini. A Jihar Kano an yi doka cikin 2024 cewa sai an yi gwaji kafin a ɗaura aure, amma ko a garinku babu doka, ka yi shi don kanka. Ga dalili ɗaya. In jinin miji AS ne, na mata ma AS, to, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, watau ciwon amosanin jini da a ke kira sikila. Wanda ya taɓa jinyar yaro mai wannan ciwo ya san kuɗin gwaji ba kome ba ne. Ka yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in bai yi daidai ba a rabu cikin mutunci, ba wanda ya yi hasara.

A gidan Fita Kunya za ka sa al'adun da in an bar su gaba ɗaya surukai za su ji an raina su: gaisuwar iyaye, da lefe gwargwado, da 'yar walima, da motar da za ta kai amarya. Waɗannan ana yinsu, amma ana iya rage su ta hanyar shawara.

A gidan Ganin Ido kuwa za ka sa duk abin da a ke yi don kawai a ce wane ya yi: dina, da anko, da kati mai ruwan zinariya, da jerin motoci, da kalanda mai hoton ango da amarya.

To, ga dokar takardar nan. Kwabo ba ya shiga gida na biyu sai na fari ya cika. Gida na uku kuwa, mai ƙaramin ƙarfi ya rubuta shi ne kurum don ya gan shi da idonsa, sa'an nan ya soke shi da alƙalami.

Bayan haka ka ƙidaya abin da ka mallaka na gaskiya, wanda ke hannunka. Kada ka sa alkawarin aboki a ciki, ko ribar da ka ke tsammani. Raba shi kashi goma. Ga misali yadda za ka iya yi: kashi uku na sadaki da gwaji da ɗaurin aure, kashi biyu na ɗaki, kashi biyu na lefe da gaisuwa, kashi ɗaya na walima da mota, kashi biyu kuwa ka ɓoye su, na bayan biki ne. Wanda ke da ɗaki a gidan ubansa zai sami sauƙi wajen kashi biyun ɗaki. Na birni mai haya kuwa watakila sai ya ƙara. In sadaki ya ci fiye da kashinsa, ka rage daga lefe. Kome ya faru, kashi biyun nan na bayan biki kada ka taɓa su.

Maganar surukai

Watakila ka ce, ai ni na yarda, amma gidan yarinya fa? Gaskiyarka. Yawancin abin da ke karya samari kunya ce. Saurayi ya kan je zance da rigar aro, ya yi toshin da ya fi ƙarfinsa, har gidan yarinya su ɗauka wani attajiri ne. In an zo biki sai su yanka masa daidai rigar da suka gani. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tun ranar farko ka bari a san ka yadda ka ke, da sana'arka, da abin da ka ke samu.

Fara da ita yarinyar. Gaya mata ƙarfinka a fili, ka nuna mata takardar in ta kama, ka tambaye ta wanne ta fi so: akwati shida da bashi a kan mijinta, ko akwati ɗaya da keken ɗinki da za ta riƙa samun na kanta. Yarinya mai hankali in ta fahimta, ita za ta shawo kan uwarta fiye da yadda kowa zai iya.

Wurin iyaye kuwa ba kai za ka yi magana ba, wannan aikin manya ne. Zaɓi baffanka ko kawunka mai natsuwa, wanda a ke jin maganarsa, ka karanta masa lissafinka duka, kada ka ɓoye masa kome. In sun je, bayan an gaisa, zai iya cewa, "Malam, ɗanku ne ya aiko mu. Yaro ne mai neman na kansa, amma ƙarfinsa kaɗan ne, ba mu kuwa so mu zo muku da abin da za mu kasa cikawa. Ga abin da zai iya na sadaki, ga na lefe. In kun rufa mana asiri kun karɓa, Allah ya rufa naku." Dattijon kirki da wuya ya ji wannan ya ƙi. Sau da yawa ma za ka tarar shi ma uban yarinyar dare bai yi masa barci saboda tunanin kayan ɗaki, yana jiran wanda zai fara maganar sauƙi ne kurum.

Kada a manta da mata. Lefe da gara a hannun iyaye mata da gwaggwanni su ke, su ne kuwa ke jin gorin maƙwabta. Saboda haka a sami wata dattijuwa daga gidanku ta je ta zauna da uwar yarinya, su daidaita a kan turmi nawa, akwati nawa, tun kafin a sa rana. Yana da kyau gidajen biyu su yi musayar sauƙi: ku ce kun yafe gara, su kuma su ce sun yafe kayan sa rana. Abin da aka daidaita duka ka rubuta shi a littafinka, da ranar da aka yi maganar.

In kuwa ka yi duk wannan, gidan suka ce lalle sai abin da ya fi ƙarfinka, to, ka yi tunani tun yanzu. Gidan da ba su tausaya maka ba kana baƙo, ka auna yadda za su yi da kai ranar suna da ranar salla.

Yadda za a tara, da lokacin da za a sa

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka ƙudura aure, ba kanka shekara guda ko fiye. Da yayyafi kogi kan cika.

Adashi hanya ce da iyayenmu suka sani. A ce ku goma ne, kowa na zuba naira 5,000 a mako. Kowane mako mutum ɗaya zai kwashi naira 50,000. Ka roƙa a ba ka kwasarka kusa da lokacin da za ka biya sadaki. Amma ka shiga da mutanen da ka sani, kuma a rubuta kowane zubi.

Sai dai ka tuna kuɗin takarda ba ya ajiyuwa. Kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada a Nijeriya bayan an cire tallafin man fetur cikin 2023. Wanda ya ɓoye kuɗin turmi biyar a ƙarƙashin katifa, da ya je kasuwa sai ya tarar ba su sayen biyar ɗin. Saboda haka in ka sami kuɗi ka mai da su kaya. Wannan wata ka sayi turmin atamfa ɗaya, wata mai zuwa takalmi da mayafi, ka ba mahaifiyarka ko yayarka ta ajiye. In kana kusa da Kano, ka je Kantin Kwari da kanka tare da wadda ta san zane, ya fi ka aiki dillali. Hatsi kuma ka saye shi da kaka, sa'ad da ya ke da araha. In kana da wurin kiwo, sayi ɗan akuya ko ɗan tunkiya tun yanzu, kafin shekara ya zama naman walimarka.

Wajen sa rana ma akwai dabara. Mutanen karkara sun saba yin aure bayan kaka, lokacin da rumbu ke cike, wannan kuwa hikima ce. Ka guji gab da salla, don zane da dabbobi su kan yi tsada. Ka guji kuma makonnin da ke gab da azumi, lokacin da kowa ke rububin biki, maɗinka da masu motoci ba sa sauraron ciniki. Kada ka yarda a sa rana sai gidan Dole ya cika ko ya kusa. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. To, uban ango ma ya kan ji.

Bashi

Yanzu ga 'yar ƙidaya, ka yi ta da alƙalaminka. A ce mutum ya karɓi naira 100,000 wurin mai ba da kuɗi da ruwa, a kan kowane wata zai ba da goma cikin ɗari. Watau naira 10,000 ke nan a wata. In shekara ta zagayo ya biya naira 120,000, alhali kuwa uwar kuɗin tana nan ba ta ragu da kwabo ba. Shinkafar da aka dafa da kuɗin nan kuwa tun ranar aka cinye ta. Addini ya hana riba, lissafi ma ga shi ya nuna maka dalili.

Akwai waɗansu basussuka da ba sa kama da bashi. Manomi ya jinginar da gonarsa don biki, damina ta zo ba shi da wurin shuka. Wani ya karɓi kuɗi a kan hatsin da bai nuna ba, da kaka mai kuɗi ya zo ya kwashe a kan farashin banza. Mai ɗinki ya sayar da kekensa, ɗan acaba ya sayar da babur. Duk wanda ya sayar da abin sana'arsa don biki, ya kawo 'yar mutane gidan da ba abinci.

Gudummawa ma ka san yadda ta ke. Abin da abokai suka ba ka a wurin ajo, da abin da mata suka kawo wa mahaifiyarka, ba kyauta ce zalla ba, ranar nasu bikin za a sa ido a ga abin da za ku mayar. Ka karɓa da godiya, ka rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. Amma kada ka ci bashi yau da nufin gudummawa za ta biya, gama ba ka san abin da zai shigo ba.

Sadaki kansa shari'a ta yarda a biya wani sashi a jinkirta wani zuwa lokaci sananne, in an yi yarjejeniya. Duk da haka, in da hali, gara a ji maroƙi ya ce an biya lakadan ba ajalan ba, ka shiga ɗakinka ba nauyin kowa a wuyanka.

Ranar biki

A ɗaura aure a masallaci ko a ƙofar gidan waliyyi, ba wanda zai ce ka biya hayar wuri. In an sa shi bayan sallar Juma'a, ga jama'a nan a tare, sai a raba goro da alewa a yi addu'a a watse. Gayyata kuwa, dā da goro a ke yinta, yau saƙon waya ya isa. Kwanakin biki a taƙaita su, abin da a ke yi cikin mako a haɗa shi cikin kwana biyu, gama kowace rana da aka ƙara tukunya ce aka ƙara. Walima a yi ta a gida, matan gida su dafa, maƙwabta su ba da aron tabarmi da kwanuka kamar yadda aka saba. Tuwo da miya mai kyau wanda ya ishi kowa ya fi kaji da rabin mutane za su gani da ido kurum. Mota ɗaya ko biyu ta isa kai amarya. Hoto kuwa, cikin abokanka ba a rasa mai waya.

Za a yi magana, wannan babu shakka. Wata za ta buɗe akwati ta taɓe baki, wani zai ce bikin wane ya fi armashi. Ka daure. Maganar biki ba ta wuce mako guda, da an yi wani bikin a unguwa an manta da naka. Cikin masu maganar nan kuwa ba ko ɗaya da zai zo ya taya ka biyan bashi.

Ga uban amarya

Kai kuma da Allah ya ba 'ya, saura kai. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama duk a kan miji su ke. Gara da jeren ƙawa kyautatawa ce, in ka sami iko ka yi, in ba ka samu ba ba ka yi laifi ba. Gado da katifa da tukwane da 'yan kwanukan da za ta yi aiki da su sun isa a fara zama, sauran su zo a hankali. Ka ja wa kanka layi biyu kamar yadda na gaya wa ango. In ka sami yaro mai addini da sana'a da hali nagari, kada ka kore shi saboda akwati. Kuma duk abin da ka matsa aka tatsa daga wurinsa kafin biki, daga tukunyar 'yarka aka ɗebe shi, ita za ta ji a jikinta bayan an watse.

Bayan an watse

Yanzu mu koma kan kashi biyun nan da na ce ka ɓoye. Ranar da baƙi suka tafi, aka mai da tabarmin aro, a ranar a ke fara zaman aure. Da safe amarya za ta dube ka don kuɗin cefane. Bayan 'yan watanni watakila a soma zuwa awon ciki, kafin shekara ta zagayo ga ragon suna. Mai haya kuma bai san an yi biki ba. Wanda ya tanadi buhun hatsi da ɗan kuɗi a gefe zai shiga wannan duka da kwanciyar rai, ya yi wa matarsa fara'a. Wanda ya ƙone kome a biki kuwa, da masu bin bashi sun fara sallama sai fushi ya shigo gida, abin da bai kai a yi faɗa ba a yi, har wata rana a ji su gaban alƙali. Da yawa daga cikin auren da ke mutuwa da wuri, in ka bi sawu, za ka tarar rashin abin cefane na ciki.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka rufe wannan ɗan littafi, ka ɗauko alƙalami yau ɗin nan ka ja layukan nan biyu. In akwai wani a gidanku ko a unguwarku da ke neman aure bai iya karatu ba tukuna, ka karanta masa, ka taya shi rubuta nasa lissafin.

Allah ya ba marasa aure mata nagari, ya ba masu aure zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Amin.

Wassalam.